Takardar fam 100: yadda muke kwashewa da kamfanin fakin

Talata, 25 ga Maris 2025

Wasiƙa ta iso yau da sunana, daga kamfanin da ke kula da filin ajiye motoci na rukunin shagunan da muke cefane a nan Manchesta. Sun ce ranar Asabar 8 ga wata motata ta shiga filin da ƙarfe 10:12 na safe, ba ta fita ba sai 5:26 na yamma, alhali awa uku aka yarje wa mai sayayya. Fam 100 suke nema, amma in an biya cikin kwana 14 za su karɓi fam 60. Sun sa hoto biyu, gaban motar tana shiga da bayanta tana fita, kowanne da lokaci a ƙasansa.

Motar ba ta yi awa bakwai a wurin ba. Sau biyu ta je ranar. Da safe aka yi cefanen mako, da yamma aka koma sayen kayan buɗa-baki. Kyamara ta ɗauki shigar safe da fitar yamma ta haɗa su zama ɗaya. Zan riƙa rubuta duk abin da ya wakana, domin 'yan uwa da yawa da suka zo ƙasar nan aiki ko karatu suna samun irin wannan takarda, kuma galibi ko dai su biya a firgice ko su jefa ta a shara. Na adana ambulan ɗin, na rubuta ranar yau a bayansa.

Laraba, 26 ga Maris

Bayan tarawihi na zauna karatu. Takardar ta yi kama da tarar hukuma, har taƙaitaccen sunansu ɗaya ne, PCN, amma asalinsu daban. Ta ƙaramar hukuma tara ce da doka ta ɗora. Ta kamfani kuwa da'awa ce cewa direba ya ga allon sanarwa a bakin fili, ya shiga ya yi fakin, saboda haka ya yarda da sharuɗɗan da ke jiki, kuma ya saɓa. Babu 'yan sanda a ciki, ba laifi ba ne da za a rubuta wa mutum, ba ta taɓa lasin tuƙi.

Sai dai masu cewa a yi watsi da ita tsohon zance suke yi. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar ParkingEye da Barry Beavis, wanda ya zarce awa biyu na kyauta da minti 56 a wani fili a Chelmsford aka ce ya biya fam 85. Kotu ta ce kuɗin bai wuce kima ba, kamfani yana da halastaccen dalilin hana mutane daɗewa, kuma allunan wurin manya ne a bayyane. Tun daga nan kamfanonin suka samu ƙwarin kai mutane kotu, kuma a Ingila suna da shekara shida na shigar da ƙara.

Adireshina daga DVLA suka samo shi, hukumar rajistar motoci da ke Swansea. Tana ba da bayanan mai mota a kan fam biyu da rabi ga duk kamfanin da ke cikin ɗaya daga ƙungiyoyin kamfanonin fakin guda biyu, BPA ko IPC. Tambarin BPA ne a ƙasan tawa takardar, ma'ana in sun ƙi ƙorafina zan iya wucewa POPLA, masu duba ƙorafi a mataki na biyu. Da na IPC ne, IAS za a nufa, wato nasu masu duba ƙorafin.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau na samo abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan lamarin. Da direba ake ƙulla yarjejeniyar fakin, kuma kyamara lambar mota take gani, ba ta san wanda ke tuƙi ba. Hanya ɗaya ce kamfani zai bi ya ɗora kuɗin a kan mai rajistar mota: jadawali na 4 na dokar kare 'yanci ta 2012, wadda ita ce kuma ta hana ɗaure tayar mota a filaye masu zaman kansu. A Ingila da Wales take aiki a wannan fannin. Tana da sharuɗɗa, kuma ɗaya daga ciki shi ne in ba a manna takarda a gilashin mota ba, dole wasiƙa ta isa hannun mai mota cikin kwana 14, ana fara ƙirga daga washegarin ranar fakin. Wasiƙar da aka aiko ta gidan waya kuma ana ɗauka ta iso a ranar aiki ta biyu bayan aikawa.

Na ɗauko kalanda. Fakin 8 ga Maris, wa'adi ya cika Asabar 22. A kan takardar an rubuta Juma'a 21. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, Litinin ta ɗaya, Talata 25 ta biyu, ranar da ta iso ɗin ke nan. Sun makara da kwana uku.

Motar nan ba mutum ɗaya ke tuƙa ta a gidanmu ba, kuma babu dokar da ta tilasta mini in gaya wa kamfani mai zaman kansa wanda ya tuƙa. Ba zan yi musu ƙarya ba, ba kuma zan faɗa ba, ko a nan ma ba zan rubuta ba.

Asabar, 29 ga Maris

Zuwa da kai ya fi aike. Na je filin na ɗauki hotunan alluna. Na bakin shiga ƙarami ne, an kafa shi gefen hagu bayan wata bishiya, wanda ya karyo kwana daga babban titi hankalinsa na kan masu tsallakawa. Na ciki suna can sama a jikin turakun fitila. "Awa 3 kyauta" an rubuta shi ɓaro-ɓaro, fam 100 kuwa yana cikin ƙananan layukan ƙasa, sai da na matsa dab na ɗaga waya na zuƙo hoton kafin na karanta. Mashiga da mafita dab da juna suke, kuma motoci na fita bumba da bumba ranar Asabar. Ina zaton ta haka lambar ta ɓoye wa kyamara.

Na nemi manajan babban shagon, na nuna masa rasit biyu na ranar, ɗaya 10:47 ɗaya 5:14. Ya saurare ni da mutunci, amma ya ce su ma 'yan haya ne, filin ba nasu ba ne, ba su da ikon soke takarda. A wasu wuraren shago ne ya ɗauko kamfanin, magana ɗaya ta manaja ta isa. Nan ban dace ba.

Litinin, 31 ga Maris

Hidimar Sallah. Da na kai wa maƙwabcina abinci na tambaye shi ko kyamarar ƙofarsa ta ɗauki motar a gaban gida da tsakar ranar 8 ga wata. Ya duba, na'urar ta riga ta goge na ranar. Wannan ya yi mini ciwo, don ita ce shaidar da ba ta da gardama.

Talata, 1 ga Afrilu

Na tura ƙorafi ta shafin kamfanin. Fom ɗin na farko yana tambaya ko kai direba ne ko mai rajista, na zaɓi mai rajista. A rubutun ma na kiyaye: "motar ta shiga", "direba ya fita", babu "na yi fakin". Dalilai uku na kawo a taƙaice: wasiƙa ta makara don haka ba za a bi ni kuɗin ba, motar sau biyu ta zo, alluna ba su bayyana kuɗin ba. Na haɗa rasit biyun, da na gidan mai na ƙarfe 1:05 a wata unguwa. Akwai bayanan wuri da waya ke ajiyewa, amma ban sa su ba, tunda za su nuna mutum ne ba mota ba.

Na kuma aika wasiƙa daban ina neman duk bayanan da suke riƙe da su a kaina da motar, har da kowane hoto na ranar. Dokar kare bayanai ta ba su wata guda, kuma kyauta ne. Kan sarki fam 1.65, shaidar aikawa kyauta a gidan waya in ka nema.

Laraba, 9 ga Afrilu

Shiru. Na biya fam 7 a shafin rajistar filaye na gano kamfanin da ya mallaki wurin, na rubuta musu ina roƙon su sa baki. Kan sarki ya koma fam 1.70 tun shekaranjiya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sun ƙi. Amsar shafi biyu ce, kuma ko kalma ɗaya ba ta taɓa zancen kwana 14 ba. Game da zuwa sau biyu cewa suka yi rasit ba ya nuna mota ta bar fili. A nan suna da ɗan gaskiya, mutum na iya barin mota ya hau bas. Amma ƙa'idar aiki da BPA da IPC suka haɗu suka fitar, wadda ta fara aiki 1 ga Oktoba 2024, ta ɗora musu su sa mutum ya duba hotunan kafin a fitar da takarda, kuma matsalar haɗa zuwa biyu sananniya ce a sana'arsu.

Sun ba ni lambar POPLA mai alƙaluma goma, tana aiki kwana 28. Sun kuma sake buɗe rangwamen fam 60 na kwana 14. In na je POPLA na faɗi, fam 100 cif zan biya.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka biya sittin ɗin nan mu huta, daren da kake ɓatawa ya fi su tsada." Ba ta yi kuskure a lissafi ba, kuma a kan wannan lissafin aka gina sana'ar. An sa rangwamen daidai inda mai gaskiya zai ga biya ya fi sauƙi a kan jayayya. Na ce mata in da motar ta wuce lokaci da tuni na biya ban ce uffan ba, filin mutane ne, suna da haƙƙin tsara shi. Wannan kuwa kuɗin abin da ba a yi ba ne.

Talata, 22 ga Afrilu

Aiki ya zama biyu. Ɗan yayata, wanda ya gama digiri na biyu yake aikin kula da tsofaffi, ya zo da daddare riƙe da takarda, fuskarsa duk ta canza. "Kawu, kotu za su kai ni. Wannan ba zai taɓa mini biza ba?" Wasiƙar lauyoyi ce mai kwanan wata 14 ga Afrilu, gargaɗin ƙarshe kafin shigar da ƙara, suna neman fam 170 kan fakin da aka yi a watan Nuwamba a wani filin biya da ke tsakiyar gari. Wani kamfani ne daban da nawa. Ya rantse ya biya a na'ura ranar, kuma bai taɓa ganin wata takarda ba kafin wannan.

Da muka bi diddigi, a watan Satumba ya tashi daga tsohon gidansa. Ya canza adireshi a lasin, bai san takardar rajistar mota, V5C, daban ake canza ta ba. Duk wasiƙun farko can suka tafi, damar rangwame da ta ƙorafi duk suka wuce, aka ƙara fam 70 na masu karɓar bashi. Sai yanzu suka binciko sabon gidan.

Na kwantar masa da hankali cewa wannan rigimar kuɗi ce tsakaninsa da kamfani, ba tuhumar laifi ba. Masu karɓar bashi kuma ba su da ikon shiga gida ko ɗaukar kaya, sai kotu ta yi hukunci an ƙi biya. Abin tsoro na gaske shi ne a shigar da ƙara takardun su tafi inda ba ka nan, a yanke hukunci a bayan idonka. Irin wannan hukunci, CCJ, shekara shida yake zama a rajista in ba a biya duka cikin wata guda ba, kuma yana hana mutum hayar gida mai kyau, da bashin banki, wani lokaci har kwantiragin waya. Allah ya taimake shi wannan wasiƙar ta same shi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun canza adireshin V5C ta intanet, kyauta, cikin 'yan mintuna. Mun sauko da bayanan bankinsa na Nuwamba, ga biyan fam 3.20 a ranar, da sunan kamfanin. Ya nemi bayanansa daga gare su, har da jerin lambobin da aka shigar a na'ura a wannan awar.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun amsa wa lauyoyin. Kwana 30 ake ba mutum. Ya ce bai yarda da bashin ba, ya haɗa shaidar banki, ya tabbatar musu da sabon adireshi a rubuce.

Laraba, 30 ga Afrilu

Bayanaina sun iso ta imel. Hotuna biyun nan ne dai, sun ce babu wasu. Na so a ce an samu hoton fitar safe ko shigar yamma yashe a ma'ajiyarsu, da magana ta ƙare. Amma akwai abu mai amfani: takardarsu ta nuna sai 19 ga Maris suka nemi adireshina daga DVLA. Jinkirin daga wajensu ne. Gobe rangwame zai ƙare, na bar shi ya wuce.

Talata, 6 ga Mayu

Na shigar da ƙorafi a POPLA, kyauta ne. Na fara da lissafin kwanaki, na jera su rana-rana yadda mai dubawa ba sai ya ɗauko kalanda ba, na sa hoton ambulan. Sai zuwa sau biyu, sai alluna da hotuna shida. Na ƙara da neman su nuna yarjejeniyar da ta ba su ikon karɓar kuɗi a filin. Masu filin har yau ba su amsa wasiƙata ba.

Talata, 13 ga Mayu

Wata wasiƙa daga kamfanin, da jan rubutu, wai in ban biya ba za a miƙa ni ga masu karɓar bashi kuɗi ya koma fam 170. Ya kamata a dakatar da neman kuɗi muddin ƙorafi na gaban POPLA. Na tura musu lambar shari'ar na ce su tsaya. Ni na san inda aka kwana, amma na tuna dattawanmu da ba su daɗe da zuwa ba, waɗanda Turancin takarda ke ba su wahala. Irin wannan jan rubutun kaɗai ya isa ya sa mutum ya ciro kati.

Juma'a, 23 ga Mayu

Kamfanin ya shigar da hujjojinsa, kwana 21 dama ake ba su. Tuli ne, ni kuma kwana 7 kacal gare ni in yi martani, ba a kuma yarda in kawo sabuwar shaida ba. Na buga su a laburare, fam 4.40, don na fi ganin kuskure a takarda.

Rabin tulin hotunan alluna ne da aka zana a kwamfuta, ba waɗanda ke kafe a fili ba. Taswirar wurin ta nuna allo a bakin shiga, ba ta nuna bishiyar ba. An rufe sunaye da ranar ƙarewa a yarjejeniyar mai fili da baƙin tawada. Kan batun kwanaki, sun ce an "fitar" da takarda cikin kwana 14. Doka kuwa isowa ta ce, ba fitarwa ba. A wani sakin layi kuma sun ce tunda ban musanta ba, a ɗauka ni ne direba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na tura martani, gajere. Na nuna shafin da su da kansu suka rubuta 21 ga Maris, na ce ba a bayyana direba ba, kuma babu wata doka da ta ce mai rajista shi ne direba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Ɗan yayata ya zo da jerin lambobin na'urar da kamfanin fakin da ke binsa ya aiko. Ga lambarsa nan a daidai lokacin, sai dai harafin O ya danna a maimakon sifili. A farantin motocin Birtaniya su biyun siffarsu ɗaya. Ƙa'idar 2024 ta ce ƙaramin kuskuren harafi ɗaya soke takardar ake yi, babban kuskure kuma a rage zuwa fam 20. Mun tura wa lauyoyin wannan.

Alhamis, 19 ga Yuni

Lauyoyin sun amsa masa cewa lokacin ƙorafi ya wuce, nauyin direba ne ya shigar da lamba daidai, a biya 170. Kuɗin fakin yana aljihunsu tun Nuwamba, takardarsu ta nuna hakan, duk da haka suna neman ninkinsa sama da hamsin. Yaron ya so ya biya don tsoro. Na ce kuɗinsa ne, shawara tasa ce, amma ya fara zuwa Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, ya ji ta bakin wanda ya fi ni sani. Ya samu ganawa mako mai zuwa.

Talata, 8 ga Yuli

POPLA ta yanke hukunci, an karɓi ƙorafina. Mai dubawa ya ce ba a san direba ba, wasiƙar ba ta iso cikin wa'adi ba, don haka ba za a ɗora wa mai rajista ba, kuma tunda wannan ya wadatar ba sai ya duba sauran dalilan ba. Hukuncin ya hau kan kamfani, ba su da damar ci gaba da bina. Alhamdu lillahi. Abin da na kashe, kan sarki da rajistar filaye da bugu, bai kai fam 20 ba.

Farin cikina bai cika ba. Da sun aiko da wasiƙar da wuri, da sai na tsaya tabbatar da cewa mota ta bar wurin da rasit ɗin da su suka ce bai isa ba. Kyamarar tana nan inda take, ranar Asabar mai zuwa ma za ta haɗa wa wani zuwansa biyu. Na rubuta wa BPA ƙorafi kan wannan da kuma jar wasiƙar 13 ga Mayu.

Litinin, 14 ga Yuli

Ranar Juma'a gwamnati ta buɗe jin ra'ayin jama'a kan sabuwar ƙa'idar fakin. Tun 2019 majalisa ta yi dokar da ta ce a samar da ita. An fitar da ɗaya a Fabrairun 2022, aka janye ta a watan Yuni bayan kamfanonin sun garzaya kotu, shi ya sa har yau ƙa'idar da suka rubuta wa kansu ake bi. Zan cike fom ɗin, zan kuma kai maganar masallaci don masu tasi da masu kai saƙo, su ne suka fi shan wannan wahala.

Takardar kotu ta iso wa yaron daga cibiyar kotu da ke garin Northampton, mai kwanan wata 9 ga Yuli: fam 170, da 35 na shigar da ƙara, da 50 na lauya, da ɗan kuɗin ruwa. Ana ɗauka ta iso kwana biyar bayan fitarwa, wato yau. Yana da zuwa 28 ga Yuli ya sanar da kotu ya gani, hakan zai ba shi har 11 ga Agusta ya shigar da kariya. Gobe da yamma za mu yi sanarwar ta intanet. Kariyar za ta tsaya kan abu uku: ya biya, jerin na'urarsu ya tabbatar, kuma fam 70 ɗin da aka ƙara ba ya jikin allon da ya gani. Bayan nan akwai zaman sulhu ta waya na awa ɗaya, kyauta, wanda ya zama dole a ƙananan ƙararraki tun Mayun 2024. Ranar Asabar zai koma filin ya ɗauko hoton na'urar da allunanta, ni kuma in fara rubuta daftari ya kai wa mai ba shi shawara ta duba.